Tukunyar Koka Rebakanta

Kakana na wajen uba, Rebakanta Bharali, wanda mu jikoki muke kira Koka, ya fi shekara arba'in bai sa dafaffiyar shinkafa a baki ba sai wadda mai alkawari ya dafa. A garinmu Ataghat wannan ba abin mamaki ba ne, yawancin tsofaffi haka suke. Sai dai su sukan kau da kai wani lokaci, in sun je asibiti ko bikin dangi a birni. Koka bai taɓa kau da kai ba.

Alkawarin nan shi muke kira sharan. Mutum zai yi azumi, ya yi wanka, ya durƙusa gaban Gosain, babban malaminmu, ya miƙa kansa ga Krishna shi kaɗai. Daga ranar ba ya bauta wa wani, kuma ba ya cin abin da ya hau wuta sai daga hannun wanda shi ma ya ɗauka. Ko 'yar cikinsa ce ta dafa, in ba ta ɗauka ba, sai dai ya sa mata albarka ya ture kwanon.

Wanda ya kawo mana wannan hanya shi ne Ata, waliyyin da garin ya ci sunansa. Yaro a nan yakan san labarinsa tun bai iya ƙirga ba. Ɗan wani mai fataucin gishiri ne, ya bar wa 'yan'uwansa dukiyar, ya gangaro kogi a kwale-kwale da littafi guda da kugen tagulla, irin mai faifai biyu da ake gwarawa. Ya ce Ubangiji ɗaya ne, ba ya son jinin akuya, ba ya bukatar gunki, sunansa kawai yake so a ambata. Ya ce masunci da ɗan sarauta su zauna a tabarma ɗaya. Da ya iso garinmu, gidan da ya fara cin abinci na wata masunciya ne, wadda manyan lokacin ko inuwarta ba sa so ta taɓa su.

Mu da muka gaje shi kuwa sai muka rabu biyu a kan wurin da ya ɗaure kwale-kwalensa. Wasu suka ce a mashigar sama ne, wasu suka ce a ta ƙasa. Kowane ɓangare ya gina nasa namghar, wato ɗakin ambato. Waƙoƙinmu ɗaya, Gosain ɗinmu ɗaya, muna auren juna in ta kama, amma mai alkawarin sama ba ya cin girkin mai alkawarin ƙasa. Mashigun biyu kuwa kogi ya cinye su tun kafin a haifi Koka. Wanda yake son ganin abin da muke rigima a kai sai ya hau jirgi ya nuna tsakiyar ruwa.

An haifi Koka a shekarar babbar girgizar ƙasa. Mahaifiyarsa takan ce ta haife shi ƙasa na rawa, shi ya sa tun daga nan ya ƙi yarda wani abu ya sake motsa shi. Ya yi noman shinkafa, yana da 'yan bishiyoyin tamul a bayan gida, goron da muke ci da ganye da farar ƙasa. Ranar kasuwa yakan zauna a gindin bishiya yana gyaran keke. Da la'asar kuma shi ne mai buga kuge a namghar ɗin sama, kuma babu mai waƙar da bai taɓa gaya masa cewa yana sauri ko yana jan ƙafa ba. Kogi ya sha cinye masa gida. Duk lokacin da ruwa ya taso, abin da yake fara ɗauka tukunyarsa ce ta tagulla, sannan ya dawo ya ga ko yara sun fito.

Tare suka ɗauki alkawari da kakata, ita ta yi ta dafa masa har ta rasu ina makarantar sakandare. Daga nan ya koma dafa wa kansa: shinkafa, romon wake, da miyar ɗanyar gwanda da ruwan toka. Babana, ɗansa na fari, yana aikin ofis a Jorhat, a kotu ya auri mamata, daga shi har ita babu mai alkawari. In Koka ya zo mana kwana biyu, da tukunyarsa yake zuwa da ɗan ƙunshin itace, ya hura wuta a barandar bene, maƙwabta su leƙo su ga ko gobara ce. Ranar da aka yi bikin kammala karatunmu a jami'a, a Guwahati, ya zo da tukunyar. Ana kiran sunaye a cikin zaure, shi yana bayan ginin ya kafa duwatsu uku. Da aka tashi, 'yan ajinmu suka kewaye shi suna ɗaukar hoto, ni kuwa na tsaya bayan wani ginshiƙi da hulata a hannu har suka watse.

Ni haka nake. Sunana Nijara, kuma mutane da yawa sun yi shekaru tare da ni ba su sani ba. A jami'a kujerar baya nake zama, har wani malami ya taɓa tambayata a shekarar ƙarshe ko na zo jiran wata ce. Tarihi na karanta, kuma a kan Ata na rubuta aikina na kammalawa, domin ba sai na yi hira da kowa ba, mutumin ya daɗe da rasuwa. Bayan na gama ina zaune a gida ina jiran aiki, sai aka bugo waya cewa Koka ya faɗo daga tsanin gora yana tsinkar ganyen cin tamul. Dangi suka duba suka ga ni ce ba ni da abin yi.

Damina ce, lokacin dashen shinkafa. Na same shi a kwance, hannun dama a ɗaure cikin farin siminti, ƙugu ya bugu, ba ya iya tsugunawa gaban murhu. A asibitin da aka ɗaure hannun ne kuma aka gano yana da ciwon sukari. Likita ta ce ya ci abinci a kan lokaci, ya guji zaƙi.

Ranar farko na dafa shinkafa a ɗan risho da na zo da shi, na kai masa. Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Krishna ya yi miki albarka, 'yar nan. Kai wa kanki."

Abin da zai iya karɓa daga hannuna shi ne wanda bai hau murhu ba: dakakkiyar shinkafa da ake jiƙawa, kindirmo, ayaba da mazarƙwaila. Wato dai duk abin da likita ta hana.

Masu alkawarin sama ba su ƙi taimako ba. Sai dai masu ƙarfinsu suna gona daga asuba har faɗuwar rana, cikin taɓo har gwiwa. Tsoho Lakhidhar, mai jan waƙa a namghar ɗinmu, ya zo ya dafa masa sau biyu ko uku. Koka yana kwance yana leƙensa ta ƙofa.

"Lakhi, ka sosa ƙafa."

"Sauro ne ya cije ni."

"Ka sosa ƙafa ka taɓa ludayi. Je ka wanke hannu."

"Na wanke!"

"Da wane ruwa? Kai ko a waƙa haka kake, sai ka tsallake baiti ka ce ba ka tsallake ba."

Lakhidhar ya ajiye ludayin, ya ɗauki lemarsa, ya ce in Koka ya mutu zai zo ya ja masa waƙa, kuma da saurin da ya ga dama. Bai sake dawowa ba. Wata tsohuwa ta aiko da abinci a hannun jikarta, Koka ya ce hannun da ya ɗauko shi ya ɓata shi.

Saura maƙwabciyarmu ta bayan shingen gora, Aita Phul, wato Kaka Phul. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana da alkawari, kuma duk garin an yarda babu mai hannun girki irin nata. Amma 'yar mashigar ƙasa ce. Ita da Koka sun fi shekara hamsin suna tsokanar juna ta saman shingen nan. Kullum da rana sai ta zo da kwano a rufe da ganyen ayaba.

"Yaya Reba! Ka tafi ne ko da saura?"

"Da saura, Phul. Sai na ga kogi ya ɗauke namghar ɗinku tukuna."

"Ga shinkafa da kifi da zafinsu. Gosain ɗin da ya raɗa maka kalmomin alkawari shi ya raɗa mini, kuma a gidana ya ci ya sha, har ya nemi ƙari."

"Shi babba ne, cikinsa na iya ɗaukar komai."

"To ka mutu da yunwa, mu ga ko a mashigar sama za a sauke ka."

Sai ta miƙo mini kwanon. Ni nake cinyewa a bayan ɗaki, ina taunawa a hankali don kada ya ji. A makonnin nan Koka yana ramewa, ni ina yin kumatu.

Na ga ba ni da makami sai karatuna. Na yi kwanaki ina shirya maganar a zuci, har ina gwadawa a gaban akuya. Wata rana ina jiƙa masa shinkafarsa na ce, ba tare da na ɗaga kai ba:

"Koka, ai Ata a hannun masunciya ya fara cin abinci. Ita kuwa ba ta da alkawari, tunda shi ya kawo shi, kuma ranar ya sauka."

Har na fara jin daɗi, sai ya ce:

"Wannan suka koya miki a Guwahati?"

"Yana cikin tsofaffin rubuce-rubuce."

"Ni ma na sani ba tare da na biya kuɗin mota ba. Ata wuta ne, 'yar nan. Wuta takan ci komai ta tashi da tsarkinta. Ni itace ne, kuma jiƙaƙƙe. Ƙara mini mazarƙwaila."

Sauran hujjojin da na tanada guda biyu suna nan har yau ban faɗa ba.

Abin ya daina zama abin dariya ranar da na riƙe shi zai fita bayan gida, ya sulale a hannuna. Jikinsa ba nauyi, kamar na ɗauki dami na kara. Ma'aikaciyar lafiya ta zo ta gwada jininsa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai jinyar? An ce har jami'a kika yi. Tsoho mai sukari kike ɗura wa mazarƙwaila? In bai koma cin abinci na gaske ba, ƙashin nan ba zai haɗu ba, kuma wata rana zai faɗi ba zai tashi ba."

Na ce to. Na buga wa babana waya, ya ce in dafa in ce Lakhidhar ne ya dafa ya tafi. Ba don tsoron zunubi na ƙi ba. Ni in na yi ƙarya kunnuwana suke yin ja, tun ina ƙarama Koka ya san haka.

Aita Phul ce ta same ni a gindin rijiya ina wanke kwano ɗaya tun ɗazu.

"Ke, 'yar boko, kwanon nan zai huje. Me zai hana ke ki ɗauka?"

"In ɗauki me, Aita?"

"Alkawarin mana. Hannu ne da ke, baki ne da ke, ko da yake bakin ban tabbata ba. Gosain zai zo ƙarshen mako. Je ki roƙa a namghar ɗinku na marasa kunya."

A al'adarmu wanda yake son alkawari sai ya fara sanar da jama'a. Zai zuba tamul da ganye a faranti mai ƙafa na tagulla, ya rataya farin mayafi mai jan baki a wuya, ya durƙusa a tsakiyar namghar bayan ambaton la'asar, ya faɗi bukatarsa kowa ya ji. Na gwammace in sake rubuta jarrabawar shekara huɗu. Amma na je. Na zauna a cikin mata har aka gama tafi da waƙa, aka raba jiƙaƙƙen wake da citta a ganyen ayaba. Sannan na tashi da farantina, na durƙusa, na gaya wa tabarma cewa ina neman sharan.

Lakhidhar ne ya fi kusa, shi ya ɗaga murya ya maimaita wa jama'a.

Abin da na manta, duk da karatuna a kan al'adun garin nan, shi ne budurwa ba ta neman alkawari sai aurenta ya matso, domin surukai su iya cin girkinta. Kafin in ɗago kai mata sun rangaɗa guɗa. Wata ta rungume ni, wata ta ja mini kumatu ta ce ai dama ta ga ina ta yin fes kwanan nan.

"Shiru-shiru ashe da magana a ciki!"

"Ɗan wane gari ne?"

"Bar ta, kunya take ji. Dubi kunnuwanta."

Na buɗe baki in ce babu kowa, sai aka sake wata guɗar. Kafin in iso gida angon ya zama injiniya a Jorhat, dogo, mai mota, amma an ce uwarsa tana da faɗa. Washegari wata ta zo auna ni don ta fara saƙa mini zane. Na tsaya ta auna.

Koka dai bai ruɗu ba. Ina shiga ya ce in zauna.

"Wane injiniya?"

Na dubi ƙasa.

"Na sani. Wa zai aure ki, ke da ko mai sayar da kifi ba ki iya tayawa? Don tukunya za ki ɗauka?"

"Don ka ci abinci, Koka."

"Alkawari ba ludayi ba ne da za ki ara ki mayar. Kin san abin da ke ciki? Girkin uwarki ya haramta gare ki. In kin sami aiki a birni, abokan aiki za su shiga gidan abinci, ke ki tsaya a waje da ayaba. Duk inda za ki, da tukunya za ki. Ni na zaɓa da kaina, ina da hankalina, kogi ya cinye mini gida na ga babu abin riƙewa sai sunan Krishna. Ke me kika gani?"

"Na ga ka faɗi."

Ya juya fuska wajen bango. Can ya ce ba da yawunsa ba, kuma in na yi don shi, shi ba ruwansa.

Gosain ya iso a kan babur, da rigar ruwa a kan fararen kayansa. Wanda ya ba Koka alkawari ya rasu, wannan ɗan ƙanensa ne, bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba, yana sa tabarau. Ya fara shigowa duba Koka. Koka ya yi ƙoƙarin sauka daga gado ya kai goshi ƙasa, Gosain ya riƙe shi.

"Baba, an gaya mini komai. Marar lafiya doka ba ta hau kansa ba. Na yafe maka, ka ci daga hannun jikarka har ka warke."

Na ce a raina ashe abin zai zo da sauƙi.

"Ranka ya daɗe," in ji Koka, "na gode. Amma ba a hannunka na ɗauka ba, a hannun baffanka ne. In ya ce ya yafe, zan ci."

"Baba, baffa ya rasu."

"To ka gani."

Gosain ya cire tabarau ya goge, ina ganin dariya yake dannewa. Ya fito tsakar gida ya zauna a kan kujerar gora, ya yafuto ni. Na durƙusa nesa kaɗan.

"An ce mini injiniya ne."

"Babu injiniya, ranka ya daɗe."

"Ɗan ɗaga murya."

"Babu kowa."

"To me ya kawo ki?"

"Koka ba ya cin abinci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Krishna fa?"

Ƙarya ba ta yiwuwa, saboda kunnuwa. Na ce na karanta abubuwa da yawa a kansa.

Ya dubi kajin da ke tono a gindin ayaba. Sannan ya ce ba zai gaya mini dalilina mai kyau ba ne, domin bai sani ba. Ya ce yawancin 'yan matan da ke zuwa wurinsa tsoron uwar miji ne ya kawo su, maza kuma sai sun ga furfura, kuma duk yana ba su. Amma in sani ba a mayarwa. In na tashi gobe ban canja ba, in zo namghar da azumi a bakina.

Ya kamata a ce na yi wunin nan ina tunanin rai da mutuwa da abin da ke bayansu. Gaskiya abin da na yi ta tunani shi ne soyayyar taliyar da wani mutum yake sayarwa a ƙofar jami'a, da kifin da mamata take dafawa da tumatir mai tsami. Na yi musu bankwana ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin ɗaki ina jin Koka yana ambaton suna a hankali, muryar tana yankewa tana dawowa, irin ta wanda ba shi da ƙarfi. Ban sami wata amsa ba game da Krishna. Na dai ga mutumin da ke cikin ɗakin nan ya riƙe abu guda tsawon ransa, kuma ya gwammace ya mutu da ya sake shi, ni kuwa ban taɓa riƙe komai haka ba, ko da ra'ayi a kan launin zane.

Da safe na yi wanka a rijiya, na ɗaura sabon farin zane, na tafi. Abin da aka faɗa mini a can ba a faɗa wa kowa, kuma wannan ita ce doka guda da ba za ta taɓa ba ni wahala ba. Abin da zan iya cewa shi ne akwai kalmomin da ake maimaitawa, kuma Gosain ya sa na sake su har sai da shi kansa ya ji.

Na dawo rana ta ɗaga. Na sake wanka, na shiga madafar Koka, inda tun ina yarinya ban taɓa wuce bakin ƙofa ba. Na sauko da tukunyar tagulla. A nan ne na tuna wani abu da ya kamata wani ya tambaye ni tun farko: ban taɓa girki a murhun itace ba. A ɗakin kwanan ɗalibai tukunyar lantarki ce, ka danna ta kashe kanta. Risho kuwa Koka ya ce ba zai shiga madafarsa ba.

Itacen ya sha damina. Na hura, na hura, hayaƙi ya cika ɗakin har ya fita ta rufin. Aita Phul ta leƙo ta saman shinge, tunda ba ta da ikon shigowa.

"Amarya! Gidan za ki ƙona? Ja itacen baya, ki bar masa hanyar iska!"

"Kada ki saurare ta," Koka ya ɗaga murya daga gado. "Tura shi ciki!"

"Ƙara ruwa, shinkafar bara ce, tana sha!"

"Kada ki ƙara! 'Yan ƙasa kunu suke ci su ce shinkafa!"

"Kai da ka ce ba ruwanka?"

"Tukunyata ce!"

Da yake ban iya saɓa wa kowa ba, duk na bi. Na ja itace na tura, na ƙara ruwa na rage. Miyar gwandar kuma, Aita ta ce ruwan toka kaɗan, Koka ya ce da ɗan yawa, sai na zuba na kowa.

Da na sauke, saman shinkafar bai dahu ba, tsakiyar ta cuɗe, gindin ya kama. Na zaɓo daga tsakiya na zuba a kwanonsa na tagulla, na sa romon wake da miyar a gefe, na kai masa idanuna na zubar da hawayen hayaƙi. Na tayar da shi na jingina shi da bango. Hannun dama a ɗaure yake, hagu ba a ci da shi, cokali kuwa a wurinsa kayan asibiti ne. Na wanke hannuna na zauna a gefen gadon.

Ya dubi kwanon. Na ɗauka zai ce in kai wa kaina. Sai ya rufe ido don miƙa abincin ga Ubangiji kafin a ci, kamar yadda ake yi, na ji yana cewa ƙasa-ƙasa:

"Krishna, ka yi haƙuri. Abin da aka samu ke nan."

Ya buɗe baki. Na dunƙula loma na sa masa. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya sake buɗewa. Daga bayan shinge kuwa shiru, ban taɓa jin Aita Phul ta yi shiru haka ba. Loma bayan loma har kwanon ya koma fes, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Akwai saura?"

"Sai ƙanzo, Koka."

"Kawo."

Na kankaro na kawo, ya cinye. Ya sha ruwa, ya yi gyatsa, ya ambaci sunan Krishna, ya ce in kwantar da shi.

Na koma madafa na zuba nawa daga abin da ya rage a sama. Lomar farko na tsaya da ita a baki. Shinkafar tana ƙaras-ƙaras a haƙori, miyar kuwa kamar an jiƙa sabulu. Na dubi tukunyar, na tuna daga yau har ƙarshen raina yawancin abin da zan ci daga hannun nan zai fito. Na haɗiye da ruwa.

Ina tsammanin ya yi barci, sai na ji muryarsa daga ɗaki, ta ɗan fi ta jiya ƙarfi.

"Nijara."

"Na'am, Koka."

"Da yamma me za a dafa?"